Bandar Kifin da Na Kasa Ci

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni tafinta ne a Garwa, arewacin Kamaru. Bara wata likita Baturiya ta ɗauke ni muka je wajen masunta a Lagdo, inda ake aikin dam, don gwada sabon maganin tsargiya. Ta ba ni takarda in karanta wa kowa da Hausa da Fillanci: gwaji ne, rabinsu za su sha magani, rabi ƙwayar da ba komai a ciki, kuma wanda bai so ba ya yi tafiyarsa. Na dubi takardar, na dubi mutanen, na ce a raina in na faɗi haka wa zai tsaya? Sai na ce gwamnati ce ta aiko da magani, kowa ya dangwala yatsa a takarda. A zamanin nan wa ke jin sunan gwamnati ya ce a'a? Nan da nan layi ya miƙe, likita tana yabon iya bakina, ni ko ina washe haƙora ba kunya.

Mutum ɗaya ne ya tsaya tambaya, wani dattijon masunci, Baba Sale. Ya ce, "Ɗana, kai ne ka yi lakwal, ka san boko. In kai ne za ka sha?" Na ce, "Zan sha, Baba." Ya miƙo yatsa.

Da aka gama, likita ta ba ni sunayen waɗanda suka sha ƙwayar banza, in koma in yi musu bayani, su zo asibiti a ba su na gaskiya. Sunan Baba Sale ne na uku. Na je har bakin ruwa, na hango shi yana ɗinkin koma, na tsaya daga nesa. Da wane baki zan fara? Na juyo, na ce mata na faɗa sun ƙi zuwa.

Tun daga nan Baba Sale yake aiko mini da bandar kifi ta hannun wani direban motar Lagdo. Tana nan rataye a ɗakina a unguwar Jambutu, na kasa ci, na kasa bayarwa. Ba ni da mata, ba ni da abokin da zan faɗa wa, wanda duk na zauna da shi sai in ga kamar ya sani. Jiya direban ya ce Baba ya rame, fitsarin jinin bai tsaya ba, amma ya ƙi zuwa asibiti. Wai ai ya sha na gwamnati, ɗansa na Garwa, wato ni, ya tabbatar masa, jira kawai yake ya yi aiki.

Likita za ta koma ƙasarsu ƙarshen wata da sauran maganin. In na faɗa mata, aiki ya tafi, ƙila har jandarmomi su neme ni don na yi ƙarya da sunan gwamnati. Wallahi ina tsoro. In na yi shiru, shi yana can yana jira saboda maganata. Me zan yi?