Gumba a Gindin Tsamiya

Ajingi, watan Safar, shekara ta 1291 bayan Hijira

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Musbahu ɗan Malam Bala, mutumin Balan, zuwa ga abokin karatuna Garzali a birnin Kano. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda. Ina fatan kana lafiya, ciwon idon da na baro ka da shi kuma ya sake ka. Yaya malamanmu da sauran 'yan zaure?

Bayan haka, ka san da aka ba ni ijaza na koma Gaya wurin Malam Abdullahi, wanda ya fara ɗora ni a kan fiƙihu tun ina yaro. Bai bari na huta ba. Ya turo ni limanci wata unguwar manoma gabas da Ajingi, domin limaminsu, Malam Badaru, ya rasu da kaka. Mutanen kirki ne, ba su bar ni da yunwa ba. Sai dai babu wanda zan yi musu da shi. In na ci karo da mas'ala mai daɗi nakan ɗaga kai in ce maka ka ji wannan, sai in ga akuya ce tsaye a bakin ƙofa.

An sauke ni a gidan wani dattijo, Gwadabe. Malam ƙarami yake kirana, yana kuma yi mini dariya wai ina alwala kamar mai ƙirga ɗigon ruwa. Shi ne farkon zuwa masallaci, na lura da wannan da kaina. Amma akwai abin da yake yi. Duk shekara, in ruwan farko ya sauka, kafin ya saka iri a ƙasa, yakan dama gumba a sabuwar ƙwarya ya kai gindin tsamiyar da ke bayan gonarsa, ya zuba, ya kira sunan ubansa da na kakansa. Saboda haka Malam Badaru ya rantse a gaban jama'a cewa ba za a sallaci gawarsa ba. Sai ga shi Malam Badarun ya riga shi, Gwadabe kuma na cikin waɗanda suka haƙa masa kabari.

Yanzu Gwadabe na kwance, ƙafafunsa sun kumbura, tari ba ya barinsa. Shekaranjiya 'yarsa Kulu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida tana jinyarsa, ta tsaya bayan zana ta tambaye ni ko zan sallaci Babanta in ya cika. Na ce zan duba. Ta ce to, amma in yi sauri, shi ciwon ba duba littafi yake yi ba.

Garzali, ka tuna sunan da kuka sa mini a zaure, Malam Akwai Saɓani? Ina yaro a Balan, gaskiya ita ce abin da Baba ya faɗa. A Gaya ta zama abin da Malam Abdullahi ya faɗa: kowace tambaya amsarta ɗaya, wanda ya faɗi wata ya ɓata. A lokacin barcina mai nauyi ne. Da na zo Kano na ji manyan malamai biyu sun saɓa a kan mas'ala ɗaya, na ɗauka ɗayansu bai yi karatu sosai ba. Na bi hujjojinsu don in kama mai kuskuren, sai na tarar kowa da madogararsa. Daga nan na koma duk abin da aka tambaye ni sai in ce akwai saɓani, in jero maganganu, in yi shiru. Kuna dariya, ni kuwa na samu mafaka, domin wanda bai zaɓa ba ba a cewa ya yi kuskure. To, ga Kulu bayan zana, ita ba jerin maganganu take jira ba.

Don Allah ka tambayar mini malamanmu, ka aiko amsa ta hannun masu jakunan da ke zuwa kasuwar Ajingi. Ka gaida kowa.

Naka,
Musbahu

Ajingi, watan Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Garzali, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan zafin bazarar nan bai tsananta muku ba. Kasuwa ta ci, ta sake ci, na tsaya wurin masu jakuna har suka gane ni, babu takardarka. Ban zarge ka ba. Wataƙila idon ne, wataƙila tawa ce ba ta isa ba.

Na taka zuwa Gaya. Na sami Malam Abdullahi a zaure, ya yi murna da ganina, har ya sa aka shimfiɗa mini tsohon buzuna, wanda nake zama a kai tun ina yaro, ashe yana rataye a inda na bar shi. Da na kawo maganar Gwadabe fuskarsa ta sauya. Ya ce wanda ya gauraya Musulunci da tsafi hukuncinsa a fili yake, babu wanka, babu salla. Na ce a Kano na ji malamin da ke faɗin haka, na kuma ji wanda ke cewa sai an san abin da mutum ya ƙudurta, domin wani aikin saɓo ne ko jahilci, bai kai fita daga addini ba. Ya dube ni ya ce ya aika ni birni in ƙaro haske na dawo masa da hazo. Ya ce in na tsaya a kan gawar nan, kada in sake tako zaurensa.

Ka san matsayin mutumin nan a wurina. Da Baba ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya saya mini takardar da na fara kwafar littafi a kai. Kuma ba zan ce maganarsa banza ce ba. Ya ga zamanin da ake yanka wa itatuwa baƙin bunsuru, tsoronsa kada a koma can. Hujjarsa na da ƙarfi, na auna ta a hanya tun daga Gaya har gida, ba ta rage nauyi ba.

Da na dawo na yi abin da ya kamata in fara yi: na tambayi Gwadabe da kansa. Na zauna kusa da shimfiɗarsa da hantsi na ce, Baba, wa kake ba gumbar nan? Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, Malam ƙarami, tsamiya baki gare ta? Allah ke ba da ruwa, wa bai san wannan ba. Amma ubana ya zuba, kakana ya zuba, in na yi shuka ban zuba ba sai in ji kamar na wuce su a hanya ban gaishe su ba. Zuciyata ta yi sanyi, na so in tashi da wannan amsa. Amma ka san halina, sai da na ƙara tambaya: ko yana ganin akwai wani abu a cikin tsamiyar mai amfanarwa ko cutarwa? Ya ce bai taɓa gani ba, amma shi ba zai rantse babu ba.

Na rubuta maka kalmominsa yadda ya faɗe su, ban gyara ba. Amsar farko tana tare da malamin Kano, ta biyu tana jingina ga Malam Abdullahi. Na gaya masa a fili cewa zuba gumbar nan ba daidai ba ne, ya bari. Ya ce bana ai ko ya so ƙafa ba za ta kai shi ba.

Mutanen unguwa sun fara rage zama in na iso. Kowa na jiran ya ga inda zan faɗi. Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Naka,
Musbahu

Ajingi, watan Rabi'us Sani

Zuwa ga ɗan'uwana Garzali. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa shirunka na lafiya ne.

Gwadabe ya rasu ranar Alhamis da hantsi. Ina wurin. Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya faɗe ta, na ji da kunnena.

Da na fito waje na tarar maza sun taru. Na ji tsohuwar amsata ta hau kan harshena, akwai saɓani, kuma gaskiya ce, akwai shi. Amma gawa na cikin ɗaki, rana na yin sama. Sai na ware abin da na sani daga abin da nake zato. Na ga sallarsa, na ga azumin nafilarsa, na ji shahadarsa. Abin da ke cikin zuciyarsa a gindin tsamiya ban gan shi ba, shi kansa bai iya faɗarsa sarai ba. Na ce ba zan yar da abin da na gani saboda abin da nake tsoro ba. Na san mai ilimin da ya fi ni ya auna ya sami akasin haka. Mai yiwuwa shi ne daidai. Amma ni aka tsayar a nan, ni za a tambaya.

Ni da Maikuɗi, ɗan ƙanen marigayin, muka yi masa wanka. Da na tsaya na yi kabbara, Maikuɗi ne a bayana, sai wani Bafillace mai kiwo da ya ga gawa ya ajiye sandarsa ya shigo sahu bai tambayi komai ba, sai wani tsoho maƙwabcin Gwadabe. Sauran suka tsaya daga nesa, rantsuwar Malam Badaru na riƙe da su. Ban ji haushinsu ba. Amma da aka zo haƙa, wasunsu sun kawo fatanya.

Ban sami natsuwar da nake samu a Gaya ina yaro ba, ina jin ba za ta dawo ba. Abin da na samu wani abu ne daban: na san abin da na yi, na san dalilina, in an nuna mini hujjar da ta fi tawa zan koma, ba tare da na ce ban yi ba.

Ranar kasuwa wani mai jaki daga Gaya ya neme ni. Na ɗauka takardarka ce ta biyo ta can, har na yi tuntuɓe wajen sauri. Buzuna ne na zauren Malam Abdullahi, a naɗe, an ɗaure da igiyar kaba. Babu saƙo tare da shi.

Jiya ruwan farko ya sauka. Da safe Kulu ta yi sallama bayan zana, da sabuwar ƙwarya a hannunta. Ta ce hannunta ne ya dama kafin ta tuna babu mai kaiwa, yanzu yaya za ta yi da ita? Na ce ban yarda a kai tsamiya ba, abin da na gaya wa Babanta ke nan yana raye, ban kuma sauya ba. Ta ce to ai ba a zubar da abinci, ta ajiye a bakin ƙofata ta tafi. Na zauna na sha, ni kaɗai, na roƙa wa Gwadabe gafara da sunansa. Ubansa da kakansa ban san a kan me suka mutu ba, na bar su ga Wanda Ya sani.

Garzali, ko kana ganin na yi kuskure, rubuto ka faɗa mini, in sami wanda zan yi musu da shi. In kuwa hanya ta kawo ka gabas bayan damina, ka tambayi gidan marigayi Gwadabe. Buzu biyu gare ni yanzu, na shimfiɗa ɗaya a gefen da kake zama.

Naka har kullum,
Musbahu ɗan Malam Bala