Layar Ƙarƙashin Kujerar Kat-kat

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahamarshi. Na san wagga takarda ba za ta iske ka ba, babu mai kai ta, babu mai karanta maka. Ko da ranka ma kai ba mai son takarda ba ne, sai ka miƙa wa wani ka ce idonka ya gaji. To amma bakina ya cika da magana, kuma kai ya kamata ka ji ta, tunda kai ka ƙulla ta ka tafi ka bar mu ciki.

Gida lafiya lau. Na fita takaba. An share gonaki, har an yi shuka. Jar akuyar nan da ka matsa a sayar ta haifi biyu, ka ga amfanin ƙin jin maganarka. Ɗanka Isa shina nan shina koyarwa a lakwal, har ya fara ajiye tumbi irin naka. Amma ba don in ba ka labarin akuya na ɗauki alƙalami ba. Maganar motarka ce, tsohuwar kat-kat ɗin nan da kake gogewa da hannun rigarka.

Ka tuna da ƙaramin ciki ka bar autarmu Rabi, cikin fari. Ka tuna ka ce in lokaci ya yi da kanka za ka je ƙauyen mijinta can bayan Tabla ka ɗauko ta, ta haihu a ɗakina kamar yadda anka saba. Ka san hanyar ai. Rairayi ne da korama, motar tasha ba ta shiga, babura an hana su, amalanken jaki kuwa ba a ɗora mishi mai tsohon ciki cikin wannan rana. In ruwan farko ya sauka korama ta kawo, shi ke nan an tsare su can, kuma babu likita kusa da su. Ni na san yadda haihuwar fari take zo wa matan danginmu, ba da sauƙi ba. Saboda haka duk idona shina kan kat-kat.

Ita kuwa tun da ka kwanta dama ta sauya hali. Wata safiya Isa zai murɗa makulli ta tashi tun bai gama bisimilla ba. Wata safiya ta yi ta gurnani, inji shina juyawa amma ya ƙi kamawa, har batir ya sauka. A bar ta a je a sha fura a dawo, a taɓa ta, ta tashi kamar ba ita ba. Wallahi Malam da ta mutu gaba ɗaya da ya fi mini, in san na rasa in nemi wata dabara. Amma yau ta yarda gobe ta ƙi, wa zai shiga daji da mai ciki a cikin irin wannan?

Munka kira Saini mai garaji, Bazabarmen nan na bakin tasha da kake shan shayi wurinshi. Abin haushi, duk ranar da anka kira shi, da ya buɗe ƙofa ya jingina da kujera ya murɗa, sai ta tashi. Ya juyo ya dube mu kamar mun taso shi daga aiki don wasa. Duk da haka bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya kankare kawunan batir ya ce tsatsa ce. Da ta sake ƙi, ya sauya filtar gazuwal, ya ce man kwalba na bakin hanya ruwa gare shi. Da ta sake, ya ce iska ce ta shiga tiyo, ya yi ta famfo har hannunshi ya sage. Daga nan ya koma kan boji, wato fulogi. Kowane gyara sai ya share hannu ya ce ta warke, kuma lallai ranar sai ta tashi. Kwana kaɗan ta koma gidan jiya.

Matan unguwa kuwa sun gama nasu binciken tun tuni. Wai motar takaba take yi, a ƙyale ta ta cika kwanakinta. Na ce to madalla, mu cika tare. Na fita tawa, na yi wanka na sa lalle, ita ko tana nan kan bakanta. Wace irin takaba ce ake yi yau a huta gobe?

Ranar kasuwa Isa ya ce bari ya zaga da ita ya ga hankalinta. Ta tashi lafiya, ya fita, sai da ya zo tsakiyar masu awon hatsi ya faɗa wani ɗan rami, ta mutu nan take. Ƙarti sunka taru sunka tura ta har kusa da masallacin Juma'a, ko tari ba ta yi ba. Da sunka gaji sunka watse, Isa ya faɗa kan kujera don takaici, ya murɗa makulli, ta tashi. Har yau masu turin nan ba su amsa gaisuwarshi da kyau.

Ni dai ranar ban yi dariya ba. Surukinka ya kira a salula ya ce ƙafafun Rabi sun fara kumburi, kuma gabas ta fara haɗa hadari da yamma. Na sa Saini gaba na ce ya kwance motar nan ko da ƙusa-ƙusa ne. Bawan Allah ya wuni shina bin wayoyi gaba da baya. Ita kuwa ranar tana cikin halinta na kirki, duk inda ya gwada lafiya lau. Wuri guda ne bai duba ba. Da ya zura hannu ƙarƙashin kujerarka ya taɓo layarka, sai ya janye da sauri, ya ce shi ƙarfe ya koya, ba ya taɓa layar mamaci.

Ka san wadda nake nufi. Jar fata, ba ta kai rabin sabulu ba, ɗaure tam a jikin ƙarfen kujera daga ƙasa. Duk gidan nan mun san ba ka tayar da mota sai ka sunkuya ka shafe ta, in ka tsaya ma sai ka shafe ta kafin ka sauka. Ba wanda ya taɓa tambayar ka. Wa ke tambayar mutum abin da ke cikin layarshi? Wa ke buɗe ta? Isa ko wanke motar yake yi zagaye ta yake da tsumma, ni kaina na ja mishi kunne kada ya kuskura ya taɓa.

Ana cikin haka sai ga ƙanenka Habu ya zo gaisuwa daga Yamai. Ba za ka gane shi ba, ya ajiye gemu ya ɗangale wando, magana biyu sai ya ce bidi'a. Da ya ji labari bai ko leƙa inji ba. Ya ce ciwon motar nan shina cikin layar nan, babu albarka inda anka ɗaure shirka. Kai Malam, raina ya ɓaci. Na gaya mishi wanshi ya yi shekaru shina sallah a sahun gaba tun shi ba a yaye shi ba, kuma muddin ina cikin gidan nan ba mai taɓa kayanka. Sai ya ce in taimaka mishi da ruwan sha. Ni kuma da wauta na shiga ɗebowa.

Da na fito na iske shi tsugune bakin ƙofar mota, reza a hannu ɗaya, laya a ɗaya, ga wayoyi biyu suna reto daga cikinta. Shi da Isa suna kallon juna. Isa ya hau ya murɗa, ya sake murɗawa, ya faɗa kan kujera yadda ya yi a kasuwa, ko alama. Kafin ka ce mi unguwa ta cika ƙofar gida, labari ya kai tasha wai Habu ya tsinke laya ya kashe motar marigayi. Tsofaffi suna salati, mata suna cewa ai dama sun faɗa. Habu kuwa zufa har cikin gemu. Ni na ajiye kwanon ruwan na ɗauki muciya, Allah ne ya sa Isa ya tare ƙofa.

Anka kira Saini. Ya tsaya daga nesa ya ce shi dai ba ya sa hannu sai wanda ya fara ya ƙarasa. Habu ya farke fatar. Malam, babu takarda, babu aya, babu ko ɗigon tawada. Ɗan maɓalli ne irin na fitila, ya yi tsatsa, ya cika da rairayi, shina girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa. Saini ya dube shi, ya dube mu, ya zauna a ƙasa shina dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce abin nan shi ke yanke wutar da ke buɗe wa inji gazuwal. Ya tsufa ne ya saki. In an danne kujera ta wani gefe ya haɗu, in an girgiza ta ya rabu. Duk ranakun da yake cewa ya gyara, jinginar da yake yi ce ke gyarawa. Ya kawo sabo ya haɗa, ya naɗe wayoyin da kyau. Tun ranar, ka taɓa makulli ta amsa.

Ni kuwa na gane ɗinkin. Na aika anka kira mini abokinka Dauda baduku. Ya zo shina sunkuyar da kai, ya ce shekarar da satar manyan motoci ta yi yawa a hanyar Abala ka sayo abin, ka haɗa da hannunka, ka kawo mishi ya ɗinke da siffar laya, don ɓarawo ko ya laluba ya taɓo ta ba zai yarda ya buɗe ba. Kuma ka rantsar da shi. Na tambaye shi, shina ganin wahalar da muke sha wata da watanni, mi ya hana shi ko ƙyafta mana ido? Wai ba wanda ya tambaye shi, kuma kai ba ka warware mishi rantsuwa ba kafin ka tafi. Ka ji amanarku ta maza. Dabararka ta kama kowa a garin nan ban da ɓarawo, don shi bai ma zo ba.

Yanzu Habu shina yawo shina cewa shi ya gano ciwon, ya ce shina cikin laya kuma cikin laya anka same shi. Ba ni da bakin ƙaryata shi, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Don in huce na sa Dauda ya ɗinke sabon maɓallin da jar fata kamar na da. Habu ya gani ya kau da kai.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk ranar da ka kama hanyar Abala da buhunan hatsi, tsoro nake ji, tsoro mai tsanani. Ina ɗaura maka guzuri ina yi maka faɗa kan hularka da ka bari a turmi, don kada ka gani a fuskata. In na ga ka sunkuya ka shafi layar nan sai hankalina ya ɗan kwanta, in ce ko ba komai akwai abin da malamai sunka ba shi. Ashe waya biyu ce da maɓalli. Ashe duk shekarun nan daga kai sai Allah a kan hanyar. Mi ya sa ba ka gaya mini ba? Ko ka san in na sani ba zan bar ka ka fita ba? Na yi dariya tare da mutane ranar, amma da na shiga ɗaki kuka na yi.

Washegarin gyaran munka kama hanyar ɗauko Rabi, Isa a kujerarka, ni a gefe. Sai da ya sunkuya ya shafi fatar kafin ya murɗa, yanzu dole ne, ba ladabi ba. Munka ratsa rairayi, munka tsallake korama tana busasshiya. Rabi ta ji ƙarar motar tun muna bayan gari, ta gane ta. Ta fito bakin danga da ƙaton cikinta tana murmushi, idonta kan wurin direba. Da ta ga wanta ne sai murmushin ya tsaya. Ta dafa ƙofar motar ta daɗe a tsaye. Ni kuwa na shiga na fara kwaso kayanta.

Mun iso gida Filinge da la'asar, bayan kwana biyu ruwa ya sauka, korama ta kawo. Haihuwar ta zo da gardama kamar yadda na ji tsoro, motar ce ta kai ta likita, kuma ba ta yi mana musu ba. Da tana can ƙauye ban san abin da zan rubuta maka yau ba. Ta sauka lafiya, namiji ne, mai faɗin goshi da yawan ci.

Ranar suna anka raɗa mishi sunanka. Mata sunka yi ta tsokana ta, wai na fita takaba na yi sabon miji tun lallen bai goge ba. Kowa a gidan sai laƙabi yake neman mishi, don ba mai iya kiran sunan a gabana. Ni kuwa ka sani, tun ranar da anka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa furta shi ba, ko a bayan idonka. Da rana ta yi zafi mutane sunka koma inuwa, Rabi ta yi barci, na ɗauke shi na kai bakina kusa da kunnenshi na kira sunan, sau ɗaya, a hankali. Ya buɗe ido ya dube ni. Ashe sunan da daɗin faɗi, Malam.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya sada mu da alheri.

Ni ce taka,
uwar Rabi, kakar mai sunanka.