Sheƙa a Kan Ma'aunin Iska

Inna,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, tafin hannu ne kawai ya ɗan tsattsage.

Albishirinki. Sati uku na'urarmu ta auna iska tana nuna babu iska a tudun nan, alhali hula ba ta zama a kai. Har shugabanmu ya ce mu tattara kaya. Na hau dogon ƙarfen da aka ɗora na'urar a kai da kaina, kar ki tambayi tsayinsa. Ashe tsuntsuwa ce ta yi sheƙa, ta cushe farfelar na'urar. Yanzu iskar ta nuna ƙarfinta. In ta ɗore shekara, za a kafa injinan wuta, a haɗa su da babban layi.

Ki aiko min man shafawa, ki sa albarka.

Sheƙar kuwa ban zubar ba, na san halinki. Gefe na matsar da ita, jiya ta ƙyanƙyashe uku.

Ɗanki