Inji Mai Feda

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidan da yara. Takarda na rubuto na ba direban da ke kawo mana kaya, domin a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Injin ratayewar da Baba ya bar min, mai fedar da ake takawa da ƙafa, ya mutu. Shekara nawa yana huda min gurbin dutse a zobe, yana goge min zinari, ranar Talata ya yi ƙauri ya tsaya cak. Ina so ki je layin masu sayar da kayan maƙera ki saya min wani. Amma ki saurara da kyau, ba irinsa nake so ba. Akwai ƙarami da ake ajiyewa a kan tebur, mai abin murzawa da hannu, ka saita gudunsa ya zauna inda ka ajiye shi. Shi nake so. Don Allah kada ki sayo mai feda.

Dalilin kuwa ke kaɗai nake gaya wa. Ƙafata ta dama ta daina ji. Tun bara abin ya faro daga yatsu, yanzu ya kai idon sawu. Ina taka feda ban san iyakar takuna ba, sai kunne ya gaya min injin ya zabura. Watan jiya ina gyara 'yan haƙoran da ke riƙe dutse a zoben wata mata, bakin injin ya ƙwace ya karce mata dutsen. Wallahi na yi gumi. Likitan unguwa ya ce suga ne, ya ba ni ƙwayoyi, ina sha idan na tuna. Maman yara ba ta sani ba. In kuwa masu kawo aiki suka ji, sai dai in rufe shago, wa zai ba ni dutsensa?

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai gwiwata da ta saba halinta.

Na je layin, shago huɗu na shiga, na kuma ga abin da kake nufi. Haba Auta! Wannan ai na masu gyaran farce ne. Da yatsa biyu na ɗaga shi. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau, ya kunna min su duka biyun na gani da idona. Ƙaramin akwai gudu, ban hana shi ba, amma da aka danna shi a jikin azurfa mai kauri sai ya yi kuka ya sare. Na ratayewa kuwa ko gezau. Dattijon ya ce mai saka dutse hannunsa biyu yake so a kan aiki, ƙafa ta ji da gudu. Abin da Baba yake faɗa ke nan kullum, kai ma ka sani.

Maganar ƙafa kuma, zama ne ya yi maka yawa. Mutum ya wuni a kan kujera tun safe, ƙafa ba za ta yi sanyi ba? Tun kana yaro haka kake da raki, ƙaya ta soke ka sai duk gida ya ɗauka. Ka riƙa tashi kana zagayawa, ka rage sukari a shayi, shi ke nan.

Na sayo maka na ratayewa, wanda ya fi kowane kyau a layin, fedarsa ta ƙarfe ce mai nauyi. Kuɗin da ka aiko ta hannun direba bai isa ba, na sayar da awarwaron da Baba ya ƙera min na cika. Kada ka buɗe baki, kyauta ce. Ɗan Baba ba zai zauna da injin farce ba ina raye.

Ka gaishe min da iyali.
Yayarka

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Inji ya iso lafiya, na rataye shi a ƙusar da na Baba yake. Ƙarfi kam akwai, mai tabarau bai yi ƙarya ba. Na karanta maganar awarwaro. Allah ya saka miki da alheri.

Fedar tana da tauri. Da takalmi ba na gane ta sam, shi ya sa na koma cire shi ina takawa haka nan, ko zan ɗan ji wani abu. Aiki yana tafiya.

Na bar ki lafiya.
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ni ce matar ƙaninki. Ban taɓa rubuto miki ba, yau dole ce ta sa. Kwananmu shida a asibiti.

Ranar Laraba na kai masa abinci shago. Na sunkuya zan ajiye kwano a ƙarƙashin tebur, sai wani wari ya buge ni. Na duba fedar, duk ta yi baƙi da busasshen jini. Shi kuwa yana zaune da gilashinsa a ido yana saka dutse, ko a jikinsa. Na ce, “Ɗaga ƙafar nan in gani.” Ya ce in bari ya gama. Na kama ƙafar na juya ta da kaina. Yaya, karyayyen bakin inji ne, siririn nan kamar allura, ya faɗi ƙasa ya taka, ya shige tafin ƙafar har ya ɓace. Wajen ya kumbura ya yi ruwa. Ashe ya ga ciwon, ya ɗauka gefen feda ne ya yanke shi, yake ɗaurewa da tsumma ya sa safa kafin ya shigo gida. Likita ya ce ya fi mako uku yana takawa a kai.

A nan na fara jin maganar suga, a bakin likita, a gaban mutane. Shekara ashirin da biyu ina zaune da mutum! Da na tsare shi ya ce ke ya gaya wa. Na ce to me ya hana ka mayar da injin? Ya ce da wane ido zai mayar da abin da kika sayar da awarwaronki a kansa.

Ba rashin kunya na rubuto in yi ba, ke babba ce. Amma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ya gaya miki ƙafarsa ba ta ji, da hannunsa ya rubuta. Yanzu ƙafar ta yi baƙi, baƙin ya wuce idon sawu. An riga an yanke shawarar cire ta, gobe da safe za su faɗa mana daga inda za su cire.

Allah ya bar mu da ke.
Matar Auta

Auta,

Ina gaishe ka, ya jiki? Takardar matarka ta same ni. Sau biyu na karanta ta.

Na ɗauko taka ta farko na sake dubawa. Komai yana ciki, ka faɗa dalla-dalla, ni ce na ce raki ne. Jiya na koma wurin mai tabarau da niyyar in yi masa faɗa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Hajiya, kin gaya min ƙafarsa ba ta ji?” Ban gaya masa ba, Auta. Kunya na ji a ce ƙanina ba ya iya taka feda. Ya ce da na faɗa, ƙaramin zai ba ni, domin aikin saka dutse ba ya bukatar wani ƙarfi, ƙaramin yana yin sa lafiya lau.

Zan taho ranar Asabar in za ka yarda ka gan ni. Ka yafe min.

Yayarka

Yaya,

Na gaishe ki. An cire, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ki zo, ba wanda zai hana ki, maman yara ma ta huce. Maganar yafiya kuma, ke kika sayo, ni na taka, kowa ya riƙe nasa.

Ɗazu likita ya bi yatsun ƙafar hagu da allura. Biyu ba su ji ba.

Tun jiya babban yatsan ƙafar dama yake min ƙaiƙayi. Sau uku ina kai hannu, zanin gado nake samu. Shekara guda da rabi ƙafar nan tana jikina ban ji ta ba, sai yanzu.

Sai kin zo.
Ƙaninki, Auta