Allon Shagon Maman Ladi

Assalamu alaikum, Baba.

Na san babu mai kai maka wannan takarda. Amma tun ranar Asabar wata magana take cin raina, kuma kai ne mai ita.

Mutanen gida lafiya. Inna ta koma tuyar waina a bakin titin Makera, sai dai ƙafar nan tana matsa mata. Rumfarka na kulle, fentin da ka bari duk ya bushe a gwangwani. Ni kuma ina shekarar ƙarshe a jami'a, a karatun zanen da ka dage sai na yi, don in iya da kwamfuta abin da ka shekara talatin kana yi da buroshi.

Baba, akwai abin da na ɓoye maka. Muna aji biyu, malaminmu ya haska mana hotunan allunan shaguna a bango, wai mu ga irin aikin da bai kamata mu yi ba. Na uku naka ne, na gidan abincin Maman Ladi da ke unguwar Television. Ya ce haruffan sun cunkushe, launukan suna faɗa da juna, kazar da ke jiki kuma ta zare ido kamar ta hango wuƙa. Aji ya kwashe da dariya. Har da ni, Baba. Da ƙawata ta tambaye ni ko na san wurin, tunda ni 'yar Kaduna ce, na ce ban taɓa gani ba. Alhali ni na riƙe maka tsani ranar da ka kafa shi.

Da na zo hutu ka ce in nuna maka abin da ake koya mana, ko ka gyara hannunka. Na ce ba za ka gane ba. Ka ci gaba da wanke buroshinka da kananzir. Me ya sa ba ka yi mini faɗa ba? Ka shanye ne, ko ka yarda da ni?

Watan jiya Maman Ladi ta aiko. Ruwan sama ya cinye allon, tana son sabo na zamani, kuma ta ce ba mai yi mata sai 'yar Malam Sani. Na tsara shi tsaf, ban karya ƙa'ida ko ɗaya ba. Ranar Asabar aka sauke naka aka ɗaura nawa. Ta daɗe tana kallo, ta ce ya yi kyau, sannan ta tambaye ni ina kazar. Ta ce ai ba wanda ya san sunan shagon. Shekara da shekaru, wurin kaza mai zare ido mutane ke ce wa masu keken haya, kuma ba a taɓa ɓata ba. Abin da muka shekara huɗu muna nema a jami'a ke nan, a gane saƙo a kuma tuna da shi.

Na bi unguwanni tun daga Kakuri har Rido ina neman allunan da ka zana. Bakwai kacal suka rage, biyu ma an fara shafe su. A kansu nake son yin aikina na ƙarshe, kuma jibi zan gabatar da su gaban malamin nan, a ajin nan. Ban san ko zai yarda ba. Ban san ko muryata za ta fita ba. In sun sake dariya, wannan karon zan faɗa musu ɗiyar wane ce ni.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka makwancinka.

'Yarka da ta makara,
Balaraba