Hannu Na Bakwai A Akushin Baba

Zuwa ga Yaya Mamuda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Nana Aisha da yara duka, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar nan da ka ce ruwan Fatakwal yana tayar maka. Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau, sai zafin bazara da ya hana kowa sakat, har yau ko yayyafi ba mu gani ba. Mai ɗakina Ummi ta warke daga zazzaɓin da ta yi. Inno tana Rawayau tana takaba, ina leƙa ta duk Juma'a da Lahadi. Abinci sai an zauna a gabanta an matsa mata, amma ba ta kwanta ciwo ba. Yau kwana ashirin da huɗu da rasuwar Baba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu haƙurin rashinsa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba, alhali ko shekaranjiya mun yi waya. Ai na san halinka ne. Da na ambaci maganar 'yan tauri sai ka ce an kira salla, ko da ƙarfe goma na safe ne. Takarda kuwa ba ta da wurin kashewa, don haka ina roƙonka don Allah ka karanta ta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Akwai abin da ban gaya maka ba game da ranar jana'iza. Baba ya cika da asuba. Kafin hantsi sai ga abokansa 'yan tauri sun iso, su shida, wasu a bayan babur, wasu a ƙafa. Ka san Baba Audi makaɗi, ka kuma san Baba Alu na Makera, wanda ya girmi Baba da shekara uku. Sauran huɗun ma babu wanda bai haura saba'in ba. Samarin unguwa sun riga sun ɗauki diga da shebur za su tafi maƙabarta, sai Baba Alu ya tare su, ya ce su ajiye, domin a ƙa'idarsu 'yan'uwa ne ke haƙa wa ɗan'uwa kabari. Aka yi ta ba su baki suka ƙi. Ƙasar nan ta bazara ta yi tauri kamar dutse, aikin da samari za su gama cikin awa ɗaya ya kai su har bayan azahar. Mutane suna ta gunaguni a inuwa, ana cewa tsofaffin nan sun tsare gawa. Ni ma a raina na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba. Sai da na je na leƙa, na ga Baba Alu a cikin rami, diga a hannunsa, gumi da hawaye sun haɗe masa a gemu, yana sara yana hutawa. Da ƙyar aka jawo shi waje. Tun ranar yake kwance, bai sake taka ƙofar gidansa ba.

Ka san ni da lamarin nan. Kai faɗa ka yi da Baba a kansa, ka ce masa shirka ne a gaban mutane, ka tattara ka tafi. Ni kuwa kunya na ji, kuma ban san wanda ya fi ɓata masa rai a cikinmu ba. Lokacin da nake koyarwa a Kurfi, in na hango shi tafe da layu da karnuka sai in shige aji in rufe taga. Sau nawa ya ce in zo in zauna da su ko sau ɗaya, ina ce masa sai an yi hutu. An yi hutu ya fi sau sittin. Bayan sadakar uku ne Inno take gaya mini cewa damina huɗu ke nan tun da idon Baba ya mutu, tsofaffin nan ne ke nome masa gonar bakin rafi, daga shuka har girbi. Ni kuwa duk kaka sai in je in ɗaure buhun gero a bayan babur in yi godiya in taho, ban taɓa tambayar hannun wa ya noma shi ba. Na kwana biyu ban iya cin tuwon gidana ba.

Ranar sadakar bakwai Baba Audi ya ja ni gefe ya gaya mini abin da za a yi ran arba'in. Ya ce kowane ɗan ƙungiya yana da takensa a ganga, nasa shi kaɗai. In ya rasu, ran arba'in za a kaɗa taken sau uku a ƙofar gidansa. In ɗansa ya miƙe ya amsa da kirarin uban, take ya zama nasa, a miƙa masa wuƙar mamacin. In ba wanda ya amsa, sai a karya wuƙar a kan dutse, kuma ba za a ƙara kaɗa taken ba har abada. Sai dai wanda zai amsa dole ya zama ɗan ƙungiya. Ya ce take ɗari da arba'in da wani abu ne a hannunsa, amma yanzu bakwai kaɗai ake kaɗawa, har da na Baba. Sauran duk shi ya binne su da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Bai ce in yi komai ba, ya dai gaya mini ne don in tanadi tabarmi.

Ka tuna muna yara, in 'yan tauri suka taru a Rawayau, sai mutum tamanin ko fiye, ana jin ganga tun daga hanyar Kurfi, mata suna leƙe ta kan katanga. Yanzu daji ya fi ƙarfin mai wuƙa da kare, rabonsu da farauta an fi shekara shida. Samari sun ce me za su yi da maganin da ba ya tare harsashi, masu wa'azi kuma sun gama da sauran. 'Ya'yan Baba Audi biyu suna acaɓa a nan Dutsin-Ma, ko ɗaya bai yarda ya rataya ganga ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya zo ya ce yana son shiga. Ba na cewa samarin ba su da gaskiya. Amma ban ga abin da suka kafa a madadinsa ba, wanda zai sa mutum ya nome gonar makaho damina huɗu bai gaya wa kowa ba.

To, Yaya, ka zauna da kyau. Ranar Asabar da ta wuce na hau babur na tafi Makera, inda suka taru duba Baba Alu, na durƙusa na ce ina son shiga. Ni Garba, mai shekara arba'in da bakwai da tumbi da tabarau, wanda ko zakara sai dai Ummi ta aika wa maƙwabci ya yanka. Suka yi dariya har Baba Alu ya sarƙe da tari. Da dariya ta lafa sai Baba Audi ya ce shiga ba wuya gare ta ba: ana tuƙa tuwon gero a zuba a akushi ɗaya, 'yan ƙungiya bakwai su sa hannu tare da sabon shiga, a ci a tashi, shi ke nan ya zama ɗan'uwa. Amma sai hannu bakwai. Ya ƙirga su a gabana da yatsa, ya tsaya a shida. Baba shi ne na bakwai.

Ya ce shekara biyu ke nan suna bakwai cif, kuma duk haɗuwar da za a yi sai Baba ya ce kowa ya riƙe ransa da kyau, malamin makarantar nan yana nan tafe, hutu yake jira. Na zo, Yaya, amma na makara da kwana ashirin. Wallahi da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige. Da na dawo hayyacina sai karambanin malanta ya motsa, na ce tunda zamani ya canza, me zai hana a yi da shida. Suka dube ni kamar na ce a rage raka'a a sallar la'asar. Ɗaya daga cikinsu ya ce da bakwai aka shigar da shi, da bakwai aka shigar da ubansa, in suka fara ragewa don sun ƙare, to gara su ƙare da abinsu cikakke.

Ina shirin tashi ne Baba Alu ya ɗaga hannu daga kwance, ya ce su daina cewa shida, akwai na bakwai da ransa, yana Fatakwal. Ya ce kana da shekara goma sha shida ka sa hannu a akushin nan, a gidansa, kana zaune a damansa, har ka ƙone yatsa don gaggawa. Ni lokacin ina ɗan shekara bakwai, ban sani ba, kai kuma ba ka taɓa gaya mini ba. Ya ce wanda ya sa hannu mutuwa ce kaɗai ke fitar da shi, zagi ba ya fitarwa, tafiya ba ta fitarwa. Ya ce shekara talatin, duk rabon naman da za a yi sai Baba ya ware kaso ɗaya ya ce na Mamuda ne, ya yi tafiya. Bai taɓa yarda wani ya ce ka fita ba. Da na koma Rawayau na tambayi Inno, sai ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Wuƙa biyu ne a tsumma ɗaya, tasa da taka. Taka ko ɗigon tsatsa babu, ta ce ko bayan ya makance yana laluba ta ya shafe ta da man gyaɗa.

Ba zan yi jayayya da kai a kan addini ba, ka fi ni karatu nesa ba kusa ba. Abu ɗaya kawai zan gaya maka. Na tambayi Baba Audi maganin da ake zubawa a tuwon, sai ya sunkuyar da kai ya ce itacen da ake sassaƙowa yana can cikin dajin da ba mai iya shiga yanzu, na hannunsu kuma ya ƙare tun bara waccan. Abin da zai shiga akushin nan tuwon gero ne da miyar kuka, babu ƙari. Wato ni zan zama ɗan taurin da reza za ta yanka, kuma na yarda. Ba wanda zai ce ka sha wani abu, ko ka ɗaura laya, ko ka yi kirari. Loma ɗaya za ka yi da tsofaffi shida da ƙaninka, ka wanke hannu ka koma. In akwai laifi a cikin wannan, ka bar shi a wuyana.

Na haddace kirarin Baba. A kan babur nake bitarsa tsakanin Dutsin-Ma da Rawayau, inda ba mai ji sai iska. Sunansa yana ciki har sau uku, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka haife ni, kuma duk sanda na zo wurin sai in tsaya in sake farawa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne in ba ka zo ba, zan zauna a kan tabarma kamar baƙo, Baba Audi ya kaɗa sau ɗaya, ya kaɗa sau biyu, ya kaɗa na uku, kirarin yana bakina ba ni da ikon buɗe shi, ina kallo a ɗora wuƙar a kan dutse. Daga nan kuma ƙungiyar ta rufe ke nan, domin ba za su sake kaiwa bakwai ba. Wanda ya rage na ƙarshe a cikinsu ban san wanda zai haƙa masa kabari ba.

Ka gaishe mini da Yaya Nana Aisha da kyau, ka ce Ummi ta gode da atamfar. Ka gaida Muslim da Khadijatul Kubra, Allah ya ba su sa'ar jarrabawa. Zaharaddin da Aisha Humaira suna gaida Baffansu. Inno tana gaishe ka. Na karanta mata abin da na rubuta, ba ta ce in roƙe ka ba, ta dai sa an surfa gero an ajiye, an kuma wanke akushin.

Arba'in saura kwana goma sha shida, amma kada ka yi shiri da wannan ranar. Jiya na je Makera. Baba Alu ya daina tashi zaune, kunu ma da cokali ake ba shi. Sun ce in ka zo za a kai akushin bakin shimfiɗarsa, Baba Audi ya riƙe masa hannu ya sa a ciki, hakan ya halatta muddin yana numfashi. Da zan fito ya kama bakin rigata, ya ce in gaya maka yana ƙoƙari, amma ka yi sauri.

Naka ƙaninka,
Garba