Ƙarfen da Ba a Ji Kukansa Ba

Ely, Nevada
9 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Darlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa Bakersfield lafiya, hanya ba ta wahalar da ke ba. Ni ina nan yadda kika bar ni, gwiwa ce kawai take yi mini gardama da safe.

Na buɗe injin mahaifinki. Kwana uku na yi ina kewaya shi kafin in sa masa sufana. Ni da shi abokina Hollis muka haɗa shi shekara talatin da biyar da suka wuce, kuma tun ranar da ya yi gudun mil ɗari da casa'in da ɗaya a awa a filin gishirin da ake tseren motoci ya dawo ya rufe shi da tamfol, ba wanda ya sake taɓa shi. Ban yi zaton zan ƙara ganin cikinsa ba, balle a ce Hollis yana kabari.

Ɓeraye sun yi gida a bututun shan iska, na kwashe audugar da za ta cika hula. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne gishiri. Mun wanke motar a wancan lokaci, amma gishirin filin nan ba ya fita duka. Yana shiga inda ruwa ba ya kaiwa, ya zauna, ya yi ta ci a hankali. Noti shida sun marmashe a hannuna. Fistin biyu cikin takwas sun kama, suna jiƙe a mai yanzu haka.

Saura babban ƙarfen tsakiya, mai gwiwoyin nan da fistin suke juyawa. Ke direbar motar 'yan makaranta ce, kin san mota, amma bari in gaya miki ba ɓoye-ɓoye. Idan ƙarfen nan ya karye kina mil ɗari biyu, inji zai ƙulle, tayoyin baya su tsaya cak. Motar kuwa tankin man jirgin sama ce muka sa wa ƙafafu, ba za ta tsaya ba sai ta gama wuntsilawa. Sau biyu na ga haka da idona. Don haka zan rataye shi da igiyar ƙarfe, in buga masa guduma yadda muka saba. Lafiyayye yana kuka kamar ƙararrawar coci, ya daɗe yana yi. Mai tsaga a ciki cewa yake "tak", ya yi shiru.

Ki huta lafiya.

Naki,
Lemuel Haas


Bakersfield
21 ga Afrilu

Kawu Lem,

Gaisuwa da ban gajiya. Wasiƙarka ta zo, kuma in tsoratar da ni kake so ka yi, ka makara. Shekara ashirin da biyu ina tuƙi a mil talatin da biyar, yara arba'in suna jifan ƙeyata da takarda. Ina da shekara arba'in da tara. Watan Agusta zan hau gishirin nan in ɗauko jar hular da ake ba wanda ya kafa tarihi sama da mil ɗari biyu, wadda kai da Baba kuka yi ta hange ba ku samu ba.

Jiya na haɗu da ɗaya daga cikin masu duba motoci na filin. Da na ba shi labarin gudumarka sai ya kwashe da dariya. Ya ce, "Madam, guduma? A wannan zamanin? Ki kai ƙarfen Salt Lake a gwada shi da maganaɗisu, mako shida ki karɓi abinki." Na ce masa, "Lokacin da Lem Haas yake sauraren ƙarfe, kai kana tsotson yatsa." Ya ce shi dai doka ba ta sa shi buɗe cikin inji ba, bel ɗin kujera da hular kwano da kayan kashe wuta ne nasa.

Ka san abin da Baba ya ce mini a asibiti? "Kada ki ba kowa injin sai Lem. Kunnen mutumin nan yana jin tsaga tun kafin ta tsage."

To ka buga shi? Me ya ce? Idan a kai shi ne, ka faɗa yanzu tun akwai lokaci.

Asabar ta sama ina zuwa da gasasshiyar kaza da kek ɗin tufa. Ka aske gemun nan, ka zama kamar tsohon bunsuru.

Taka,
Darlene


Ely
6 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Verna,

Ina gaishe ki, da fatan sanyin Idaho ya sake ki, ƙafar kuma da sauƙi. Akwai maganar da ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Kin tuna 'yar Hollis Pruitt, wadda na ce miki ta kawo mini injin babanta? Makon jiya na rataye ƙarfen tsakiyar a katakon rufin gareji, na goge shi, na ɗauko ƙaramar gudumata ta tagulla na buga. Verna, ban ji komai ba. Na ga hannuna ya buga, na ga ƙarfen yana lilo, shi ke nan. Na ce to ya mutu ke nan. Sai wani tunani ya zo mini, na shiga kicin na ɗauko kofin gilashi na marigayiya matata Nola, na cika shi da ruwa, na buga masa cokali. Ruwan ya yi rawa. Kunnena bai kawo mini komai ba.

Na daɗe da sanin ina asarar ji, amma ina tsammanin mutane ne suka koma magana ƙasa-ƙasa. Murya mai kauri ina kamawa idan ina kallon bakin mai ita. Siririyar ƙara ce ta tafi, ita ce kuwa sana'ata.

Na gwada dabaru. Na ciji igiyar da ƙarfen yake rataye, amma haƙoran roba ba sa kai saƙo. Na ɗora yatsa ina ƙirga. A da lafiyayyen ƙarfe yakan kai ni sha biyu, wannan a biyar na daina jin motsinsa. To amma yatsun nan ko maɓallin riga ba sa ji yanzu. Har matar da take kawo wasiƙa na tsayar ta saurara. Ta ce, "Ya yi ƙara mana, Baba, ai ƙarfe ne." Na ce wace irin ƙara? Ta ce, "Irin ta ƙarfe."

Ranar Asabar Darlene ta zo. Tana yanka kek ta ce, "To, likita, me ƙarfenmu ya ce?" Na ce mata ya yi waƙa.

Kada ki tambaye ni dalili, na san shi. Tun da Nola ta rasu shekara shida, ba wanda ya taka ƙofar nan don yana bukatata. Da na faɗi gaskiya, ranar za ta loda injin a tirela ta kai wa masu na'ura, ni kuma in koma kujerar bakin taga.

Ina gaya wa kaina cewa ƙarfen ya yi gudu a da bai karye ba, kuma ido bai nuna mini komai ba ko da madubin ƙara girma. Gobe zan fara mayar da shi ciki.

Yayanki,
Lem


Twin Falls, Idaho
13 ga Mayu

Yaya Lem,

Na gaishe ka. Ƙafa tana nan, amma ba ita ce ta hana ni cin abinci yau ba.

Kai tun muna yara gara ka sha duka da ka ce "ban iya ba". A da kanka kawai kake cuta da wannan hali. Yanzu 'yar mutane za ka ɗaure a cikin gwangwani ka harba ta. Ka ce ido bai nuna maka komai ba. Da ido yana isa, me ya sa kuka yi shekara arba'in kuna buga guduma?

Kurumta ba abin kunya ba ce, shekararka tamanin da ɗaya. Ni ma sai an maimaita mini. Abin kunyar shi ne wanda ka yi ranar Asabar da bakinka cike da kek ɗinta.

Ba zan rubuta mata ba. Ba ni na yi ƙaryar ba, kuma idan ta ji daga wurina ba za ta sake kallon fuskarka ba. Ka gaya mata kafin ka ɗaura noti ɗaya a kai. Ina jiran amsa.

Ƙanwarka,
Verna


Bakersfield
24 ga Yuli

Kawu Lem,

Har yanzu ƙirjina yana rawa! Da injin nan ya tashi ranar Asabar, ka ga yadda maƙwabcinka ya fito a guje da tawul a ƙugu? "Haas, yaƙi aka fara?" Ni na toshe kunnuwana da hannu biyu, kai kuwa kana tsaye dab da salansa ko gezau. Na ce lalle tsoffin hannu daban ne.

An mayar da shi cikin mota, an ɗaure komai. Ranar goma sha biyu ga Agusta za mu tashi, masaukinmu a Wendover kusa da filin gishirin, wanda kuka saba sauka kai da Baba.

Yanzu ga magana. Ka san motar ba ta tashi da kanta, sai an tura ta da a-kori-kura har ta kama. Kai kake tura Baba, kai nake so ka tura ni. In ƙafarka ba za ta iya totur ba, ka zauna a gefe, wani ya tuƙa. Zan aiko a ɗauko ka, tafiyar awa biyu ce kawai.

Da muke loda injin ka riƙe hannuna ka ce, "Darlene," sai kuma ka ce in gaishe da hanya. Mene ne? In kuka kake so ka yi, ka adana shi sai na sa hula.

Taka,
Darlene


Ely
11 ga Agusta

'Yata Darlene,

Ina gaishe ki. Na aika wannan wasiƙa zuwa masaukinki na Wendover domin na san ba za ta same ki a gida ba. Ita ce ta biyar da na rubuta tun watan Mayu, huɗu na yaga. Kada ki aiko a ɗauko ni. Ba zan iya tura ki ba.

Na yi miki ƙarya. Ban ji kukan ƙarfen ba. Ni kurma ne, ko kusan haka. Ba jarumtaka ce ta tsayar da ni kusa da salansa ba. Na buga ƙarfen sau talatin ko fiye, ban sani ba ko waƙa ya yi ko "tak" ya ce. Na ce miki ya yi waƙa domin ina tsoron ki ɗauke injin ki daina zuwa.

Akwai ƙari. Baƙin man da muka juye bayan mun tayar da shi, kin bar shi a daro. Shekaranjiya na fitar da shi rana zan zubar, sai na ga yana ƙyalli, wani gari-gari kamar ɓawon kifi. Yana iya zama sababbin zobban fistin ne suke zama, haka sukan yi. Yana iya zama kuma ƙarfen tsakiya ne yake lanƙwasa a inda bai kamata ba, yana cin mazauninsa. Ban sani ba. Wannan ita ce gaskiyar da ya kamata in faɗa tun farko.

Kada ki hau. Ki kai shi a gwada, ki bari sai baɗi. Gishiri ba inda za shi. Ki tsane ni in kin ga dama, na cancanta, amma ki yi hakan kina raye.

Lemuel


Wendover
15 ga Agusta

Kawu Lem,

Wani direba mai zuwa Ely zai miƙa maka wannan.

Wasiƙarka ta kwana biyu a teburin masauki, sai yau da la'asar aka ba ni. Da safe na riga na hau. Mil ɗari biyu da huɗu a awa. Injin bai yi ko tari ba.

Ka fi ni sanin doka. Gudu ɗaya ba tarihi ba ne, sai na maimaita gobe da ƙarfe bakwai. Mota tana killace cikin igiya. Fulogi da mai kawai zan iya sauyawa, in na fitar da inji gudun yau ya tashi a banza. Na juye man, na kai shi rana. Akwai ƙyallin. Mutum uku suka duba, biyu suka ce zobba ne, ɗaya ya juya ya tafi.

Da a watan Mayu ka faɗa, mako shida kawai zan rasa, kuma da kek ɗin bai daina zuwa ba. Ashe ba ka san ni ba.

Ba ka ce ya tsage ba. Cewa ka yi ba ka ji ba. Ya kai ni ƙarshen mil biyar na filin yau, mil biyar nake roƙonsa gobe. Zan hau.

Darlene


Ely
16 ga Agusta

Verna,

Na gaya mata, amma na makara. Ta ce za ta hau yau da ƙarfe bakwai.

Tun takwas da rabi kyanwata take ɗaga kai tana kallon tarho, da haka na gane yana bugawa. Sau uku na ɗauka. Akwai mutum a ciki, yana magana da sauri, kamar ƙudan zuma a kwalba. Ban gane ko mace ce ko namiji ba, ban gane ko dariya ake yi ko kuka ba. Na ce, "A rubuto mini, ba na ji," na ajiye.

Maƙwabcina yana gida, ga motarsa nan. Taku ashirin ne zuwa ƙofarsa, zai zo ya saurara mini. Na sa takalmi tun ɗazu.

Ga kyanwar ta sake ɗaga kai.

Lem